Sojan da Uwarsa Ba Ta Kiran Sunansa

Samarin unguwarmu idan suka ji an ce na ƙare ƙuruciyata a binciken tsofaffin littattafan soja, sai su yi ɗan murmushin nan na raini. Kwanan baya mai shagon cajin waya da ke bakin layinmu ya ce mini, "Baba, ashe dai duba suna ne kawai? Ai wannan ko ni sai in yi shi ina cin gyaɗa." Ban ji haushinsa ba, domin ni ma haka na zata ranar da na fara, kuma a lokacin na fi shi jin kai. Na gama makaranta, ga wando mai kari, ga alƙalami biyu a aljihun gaba, ina ganin duk Zariya babu wanda ya kai ni Turanci.

Wanda ya sauke mini wannan girman kai shi ne Saje Bawa. Tsohon akawun soja ne, ya je yaƙin Boma, can gaba da Indiya, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji. Shi ke riƙe da ɗan ofishin da ake kula da sha'anin 'yan mazan jiya. Ranar farko ko takardar makarantata bai tambaya ba. Ya ɗauko wani littafi mai nauyin ɗan akuya ya dire a gabana, ya ce, "Akwai mace a waje tana neman labarin mijinta, Musa Zariya. Nemo mini shi." Kafin ya gama ɓare goronsa na samo. Na ɗago ina washe baki, ya ce, "Ci gaba." Na buɗe shafi na gaba, ga wani Musa Zariya. Na ƙara gaba, ga biyu a jere. Kafin azahar yatsun hannuna da na ƙafata sun ƙare ban gama ƙirga su ba. Saje ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "To, Malam mai Turanci, wanne daga ciki za ka ce mata ya mutu?" Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

A littafin soja kowane mutum layi ɗaya ne, an raba layin gida-gida: lamba, suna, garin haihuwa, tsawo, askar fuska, tabon jiki, sana'a, wanda za a sanar idan ta Allah ta kasance, sai gidan ƙarshe inda ake rubuta abin da ya same shi. Duk cikin gidajen nan babu maƙaryaci kamar na suna. Akawun ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba, sai ya ce daga ina, ka ce Kudan, shi ke nan ka zama Audu Kudan. Wani kuma ƙauyensu akawun bai taɓa ji ba, sai ya liƙa masa Zariya don ya huta. Ga waɗanda suka gudo daga gida suka ari suna a bakin ƙofar bariki. Ga ƙanen da ya tafi a madadin yayansa, ya yi yaƙin duka da sunan mutumin da ke gida yana noma dawarsa. Saboda haka Saje ya koya mini in sa rula in rufe gidan suna, in fara karanta mutum daga fuskarsa da tabonsa, tun da wanzami ba ya yi wa kowa aska don a ruɗi Bature.

Kayan aikina ba su da yawa. Rula ta katako, fensir, madubin ƙara girman rubutu, da fiffiken kaza na share ƙura daga tsakanin shafuka. Tawada ba ta kusantar littafi, yawu ba ya taɓa shi. Ranar da na lashi yatsa zan buɗe shafi, Saje ya sauke mini rular nan a bayan hannu, har yau in zan ƙirga takarda sai na tuna shi. Abu na biyu da ya dasa mini shi ne maganar jan layi. Mutane da yawa, har da akawuna masu ji da kansu, in sun ga an ja wa suna jan layi sai su ce mutumin ya mutu. Ba haka ba ne. An cire shi ne daga wannan littafi an mai da shi wata runduna, aikinka ne ka bi shi can. Mutuwa da baƙar tawada ake rubuta ta, da kalmomi, da sa hannun hafsa.

Da na yi hannu, wajejen samun 'yancin kai, sai aka ba ni ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan. Manyan littattafan suna Zariya, ni kuma na kwafi mutanenmu a nawa, in ɗaure a akwatin kwano bayan keke, in bi ranakun kasuwa. In kafa tebur a rumfa, tsofaffin soja su kewaye ni. Wani littafin sallamarsa ya ƙone yana neman shaida don aikin gadi, wani mindarsa, lambar yabon nan ta ƙirji, ta ɓata yana son a sake ba shi. Nan aka sa mini suna Malam Mai Lamba, har sunana na yanka ya nemi ɓata.

Ba na mance shari'ar Mati na Kudan da abokinsa Ɗan'azumi. Shekara da shekaru suna gardama a tashar mota. Mati ya ce shi kofur ne mai igiya biyu, Ɗan'azumi ya rantse da idonsa ya ga an cire igiyoyin a gaban fareti. Suka taso har tebur kowa da 'yan kallonsa. Na bi layin Mati, sai ga shi sau uku ana ɗaura masa igiya, sau uku ana kwancewa, na ƙarshen saboda zakaran wani hafsa da ya shiga tukunyarsa. Ɗan'azumi ya yi tsalle yana ihu. Na ce ya dakata, akwai sauran rubutu a ƙasa: mako ɗaya kafin sallama an mayar masa da igiyoyinsa. Mati ya cire hula ya jefa sama. Aka tashi kowa ya yi gaskiya, su biyun suka haɗu suka saya mini goro, suka tafi suna sabuwar gardama kan ko zakaran fari ne ko ja.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce damina ta farko bayan 'yancin kai. Rufin ofis ya yi yoyo, gara ta biyo danshi ta taso daga ƙasa, kafin mu farga ta cinye cikin littafi uku ta bar mana bango. Saje Bawa, wanda ya ga yaƙi bai girgiza ba, ya zauna a dakali ya yi tagumi. Daga baya shi ne ya kawo dabara. Ya ce tsohon soja yana iya mance shekarunsa, amma ba ya mance lambarsa, kuma lamba a jere ake ba da ita ranar ɗauka, wanda ke gabanka a layi da wanda ke bayanka lambobinku na bin juna. Sai muka bi kasuwanni muna tara su, kowa ya faɗi tasa, ya faɗi wa ke gabansa, wa ke bayansa, da irin askarsu. Wata biyar muka yi muna ɗinke abin da gara ta ɓarka. Na rame har wandona mai kari ya koma ɗaurin igiya, amma a wannan wahalar na koyi aikin da gaske.

To, a rani na gaba ne aikin da nake son ba ku labari ya same ni, a kasuwar Ikara.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta riƙa shimfiɗa kayanta daf da rumfata, alhali layin masu daddawa na can wani gefe. Kasuwa ta farko ba ta ce komai ba. Ta biyu ta gaishe ni ta tafi. A ta uku, da ta ga tsofaffin soja sun watse, sai ta matso ta durƙusa nesa kaɗan. Na sauko daga kujera muka gaisa, ina wuni, ina gajiya, ina aiki, ya mutanen gida, ya kasuwa. Ta ce sunanta Hajara, daga Malikanchi take. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai, babu sauran abin tambaya, sannan ta ce, "Ɗan nan, an ce kana da sunayen waɗanda suka tafi."

Na ce, "Ina da wasu, Inna. Wa ake nema?"

Ta ce, "Wani ne."

"Maigidanki ne?"

"A'a. Malam ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa."

Na ce amin. "To, ɗan'uwanki ne?"

Ta shiga murza bakin gyalenta. Nan na gane. Ɗan farinta take nema. Ku yaran yanzu da uwayenku ke ƙwala muku kira daga bakin titi ba za ku san nauyin wannan ba. A zamanin nan uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa, kakanni ne ke rainonsa. Zuwan da ta yi wurina ma, da an ji a Malikanchi, da an ce tsohuwa ta zubar da kunya.

Na rage murya na ce, "Sunan wane annabi ne, Inna?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Wanda kifi ya haɗiye."

Na rubuta Yunusa. Daga nan labarin ya fito a hankali. Mijinta babban malami ne, zaurensa cike da masu ɗaukar karatu. Da ya ji ɗansa na raɓar masu ɗaukar soja, sai ya rantse a gaban jama'a cewa in ya sa gajeren wandon Nasara, kada ya ƙara taka masa zaure. Yunusa ya sulale ana cikin yankan gero. Yaƙi ya ƙare, mutane suka dawo, shi shiru. Baffansa ya je bariki, wani akawu ya nuna masa Yunusa Ikara da jan layi a kai, ya ce ya mutu. Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kusan shekara ashirin ke nan da tafiyarsa.

Ta ce, "Kowa ya haƙura. Ni dai ban ji a jikina ba. Da Malam ya ga ciwo ya ci ƙarfinsa, ya kira ni ya ce in wancan yana raye, a gaya masa ya yafe masa duniya da lahira. Saƙo ne aka bar mini, ga shi idona ya fara yana. Ina tsoron ya rufe ban isar ba."

Na ce, "Yaya kamanninsa?"

Ta ce, "Ni ina na sani? Ban taɓa tsayawa na dube shi ba." Ta ɗan nisa. "Amma an ce yana da bille a kuncin hagu. An ce akwai tabon ƙuna a hannunsa na hagu, daga nan zuwa nan, talge ne ya zubo masa yana rarrafe. An ce bai kai ka tsawo ba, da kamar yatsa uku. An kuma ce rana ɗaya suka bar gari da ɗan maƙerin Janfalan."

Na ce, "Kai, Inna, masu faɗin nan sun lura ƙwarai." Ta kai gyale baki, saura kaɗan ta yi dariya.

Washegari na buga keke zuwa Zariya. Na fara da Yunusa Ikara ɗin nan da aka yi wa sadaka. Dogo ne sosai, fuskarsa cike da askar Barebari, kuma jan layinsa canjin runduna ne. Wato ba ɗanta ba ne, kuma shi ɗin ma bai mutu ba. Na bi duk Yunusan da ke littattafan, babu mai bille da ƙuna. Sai na koma kan ɗan maƙerin Janfalan. Shi na san shi, Sale sunansa, zazzaɓi ya kashe shi a Indiya, ni na tabbatar wa danginsa. Na nemo lambarsa, na duba layin da ke samansa, wani Bagwari ne. Na duba na ƙasansa, aka rubuta Garba Kano. Na sa rula na rufe sunan. Bille a kuncin hagu. Tabon ƙuna a hannun hagu. Tsawo daidai yadda aka ce. A gefe an ƙara da ƙaramin rubutu cewa yana karanta Larabci. Na zame rula zuwa gidan wanda za a sanar in ya mutu. Aka rubuta: Hajara, mai daddawa, kasuwar Ikara.

Na kai wa Saje. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce, "Ya ɓoye sunansa, ya ɓoye garinsu, ya ɓoye ubansa. Ya yi wa Sarkin Ingila ƙarya, amma da aka zo kan uwarsa ya kasa."

Shi ma Garba Kano an ja masa jan layi, sai na bi shi. An mai da shi cikin masu kula da alfadarai, waɗanda ke ɗaukar kaya a dajin da mota ba ta shiga. Wannan littafin na cikin waɗanda gara ta taɓa, amma Allah da ikonSa layinsa na gefen da ta bari. An ji masa rauni a cinya, ya daɗe a asibiti, shi ya sa bai dawo tare da sauran ba. A littafin sallama na same shi shekara guda bayan 'yan'uwansa soja, kuma warantin jirgin ƙasa da aka ba shi na tashar Gimi ne. Gimi fa, wadda ke nan bayan Maƙarfi! Na miƙe zan fita da gudu, Saje ya riƙo rigata.

Ya ce, "Zauna. Littafi ya ce ya sauka a Gimi shekara goma sha biyar da suka wuce, bai ce yana numfashi yau ba. Kada ka ɗaga wa tsohuwa rai tukuna. Kuma mutumin da ya ɓoye sunansa yana da dalili. In ka same shi, shi za ka fara tambaya kafin ka kai labarinsa ko'ina."

Ranar kasuwa Inna ta zo ta zauna a wurinta. Na ce, "Ana kan nema, Inna." Ta ce, "To, Allah Ya taimaka," ta ajiye mini ƙullin daddawa a kan tebur. Ban taɓa jin nauyin riƙe magana a ciki kamar ranar ba.

Daga nan littafi ya gama nasa, saura ƙafa. Na zauna na yi tunani. Mutum ya yi shekaru yana hulɗa da alfadari, ya dawo da ɗingishi, ba zai iya huɗa sosai ba, ga shi ba ya son a gane shi. Ina zai nufa a ƙasar nan tamu? Ai sai fadamun rake, inda doki ke juya injin matsa ana dafa mazarƙwaila, inda ba a tambayar baƙo asalinsa in dai ya iya da dabba. Na shiga bin fadamu, na Maƙarfi na gama na faɗa na Kudan. Duk inda na tsaya sai an ba ni mazarƙwaila mai ɗumi, ƙi kuma rashin ladabi ne, har haƙorina ya fara ciwo. Na tambayi Garba Kano, babu. Na tambayi Yunusa, aka kawo mini huɗu, ɗaya ma yaye aka yi masa bara.

A kwana na goma sha biyu, da hantsi, na isa wata fadama a Taba. Hayaƙi na tashi, ruwan rake na tafasa a manyan kwanonin ƙarfe, ga wani mutum yana bin doki a baya yana ɗan ɗingishi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro. Na tambaya aka ce Na-Doki ake kiransa, ya daɗe a nan, yana da mata da 'ya'ya uku, ba wanda ya san garinsu. Akwai bille, amma masu bille a ƙasar Zazzau ba sa ƙirguwa, hannun rigarsa kuma dogo ne. In na tambaye shi kai tsaye zai musa. Sai na jingine keke, na cika ƙirji da iska, na ƙwala kiran lambarsa da Turancin fareti, yadda Saje ke yi.

Bulala ta faɗi daga hannunsa. Diddige ya haɗu da diddige, ƙirji ya fito, ya ƙame kamar a gaban hafsa ya ce, "Sa!" Doki kuwa bai san an yi fareti ba, ya ci gaba da zagayensa, sai da itacen injin ya zagayo ya ture masa hula. Masu dafa rake suka fashe da dariya har wani na riƙe ciki.

Ya dawo hayyacinsa ya dube ni a tsorace. Ya jawo ni gefe ya ce, "Wa ya aiko ka? Ni ban gudu daga soja ba, sallamata aka yi, takardata na ɗaka."

Na ce, "Na sani, Malam Yunusa."

Ya nemi wuri a kan tarin ɓawon rake ya zauna. Sannan ya ce ranar da ya sauka a Gimi ta dace da kasuwar Maƙarfi. Ya ga wani ɗan koli na Malikanchi, mutumin bai gane shi ba don ya rame ya tara gemu. Sai ya yi kamar baƙo ya tambayi labarin garin. Ɗan kolin ya ce ai babban ɗan Malam ya mutu a yaƙi, an yi sadaka ta gani ta faɗa, Malam da kansa ya ja addu'a har aka ga hawayensa.

Ya ce, "Sai na ce a raina, ga shi a mace na sami addu'ar da ban samu ba a raye. In na koma, rantsuwarsa na nan. Ko dai ya kore ni a gaban almajiransa manya, ko ya karya rantsuwa saboda ni. Sai na bar masa mamacinsa, na juyo nan."

Na gaya masa Malam ya rasu bara. Na gaya masa saƙon da ya bari, kalma da kalma yadda aka ba ni. Ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na kau da kai ina kallon doki. Can ya ce, "Wa ya ba ka saƙon?"

Na ce, "Inna. Kasuwa uku tana zama kusa da teburina kafin ta iya buɗe baki."

Ya sauke hular. "Inna? Da ƙafarta? Ta tambayi labarina wurin baƙo?" Sai ya kama dariya, hawaye na zuba. Ya ce tun da yake bai taɓa jin ta yi maganarsa ba, ko da zazzaɓi ya kwantar da shi sai dai ya ga kunu a bakin ƙofa. Daga nan tsoro ya dawo masa, ya ce in bari a gama matsar rake tukuna, ya shirya.

Na ce, "Idonta ya fara yana. Ba zai jira rake ba."

Ya ce, "Jibi."

Na riga shi zuwa Malikanchi da kwana ɗaya, don kada farin ciki ya ka da tsohuwa. Na same ta na ce, "Inna, wanda aka sa ni nema yana raye, yana lafiya, gobe yana tafe." Ta ce, "To. Sannu da wahala. Bari in kawo maka ruwa." Kafin ƙwaryar ta iso hannuna rabin ruwan ya zube a ƙasa.

Washegari da hantsi na tare su a hanya muka shigo gari, ni da kekena, shi da matarsa da 'ya'yansa a kan jakuna biyu. Malikanchi ta ɗinke. Ƙannensa, waɗanda ya bari ba su fi ƙugunsa ba, yanzu da gemunsu, suka rungume shi suna kuka. Mata na guɗa ta bayan darni. Wani tsoho da ya ci tuwon sadakarsa ya riƙa shafa hannunsa yana cewa, "Wallahi shi ne, da ɗuminsa!" Baffan nan da ya kawo labarin jan layi ya rasa inda zai sa kansa, sai salati yake yi. Ni kuwa bakina har kunne, ina ta amsa gaisuwa kamar ni na dawo daga Boma.

Inna ba ta cikin taron. Tana can gefen gida, a zaune kan kujerar tsuguno, ta shanya kalwar daddawarta a tabarma nesa da ita kaɗan. Da hayaniya ta lafa, Yunusa ya tako a hankali, ya tsaya a inuwar wata ceɗiya, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta juya fuska wajen darni ta amsa a taƙaice, kamar yadda ake amsa wa mai wucewa. Ni ta duba ta ce, "Malam Mai Lamba, sannu da hanya. Baƙi ka kawo mana?"

Na ce, "Baƙi ne, Inna."

Sai babbar 'yarsa, 'yar kimanin shekara goma, ta matso. Tsakanin kaka da jika babu kunya, saboda haka tsohuwa ta fizgo ta ta ɗora a cinya, tana shafa kanta, tana shinshinar wuyanta, tana tsokanarta wai wannan kitson wace mai ƙyuya ce ta yi shi. Hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Sannan ta ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji, ta ce wa yarinyar, "Ki gaya wa ubanki mahaifinsa ya yafe masa, duniya da lahira. Na sauke. Ki ce masa ni kuma ban taɓa riƙe shi da komai ba." Ta ja numfashi. "Ki kuma ce masa ya fito daga inuwar nan ya dawo inda rana take. Ba don in gan shi ba ne, kada dai ya taka mini kalwa."

Yunusa ya miƙe ya fito cikin rana, ya sake durƙusawa daf da ita. Ta gefen gyale ta ɗan karkato da kai, ta daɗe a haka. Kalwar kuwa tana can ɗaya gefen, ko kusa da ita bai bi ba.